Ƙanina yana gidan yarin da kamfani ke riƙe da shi a Ingila, don Allah wa ya san yadda rayuwa take a ciki?

Adda Jekadafari ta rubuta:

Assalamu alaikum mutanen wannan zaure. Don Allah ina neman wanda yake da masaniya a kan wannan magana, domin kaina ya gama kullewa. Ƙanina ne da ya tafi Ingila karatun digiri na biyu ya faɗa cikin rigimar kuɗi, wasu abokai suka riƙa shigo da kuɗi ta asusunsa na banki yana tura musu gaba yana cire ɗan kasonsa, ashe kuɗin damfara ne. Ba zan wanke shi ba, ya yi laifi kuma ya amsa laifinsa a gaban alƙali, an yanke masa shekara 2 da rabi. Wannan kam mun karɓi ƙaddara.

Abin da ya tayar mana da hankali yanzu shi ne lauyarsa ta ce an ɗauke shi daga inda yake an kai shi wani gidan yari da ba gwamnati ce ke gudanar da shi ba, wai kamfani ne. Ni kam tun da nake ban taɓa jin inda ɗan kasuwa yake da gidan yari ba. Innarmu tun da ta ji maganar abinci ma sai an yi da gaske take ci, ita a ganinta sayar da yaron aka yi, kullum maganarta ɗaya, wai irin gidan mari ne aka kai shi za su sa masa sarƙa su riƙa sa shi aikin bauta ba mai ji ba mai gani. Na yi ta rarrashinta amma gaskiya ni ma ban san me zan ce mata ba, saboda abin da ban sani ba ta yaya zan kwantar wa wani hankali a kai.

To don Allah wanda ya sani ya taimaka. Ana barinsu su yi sallah da azumi? Abincinsu halal ne? Ana dukansu? Za mu iya magana da shi daga nan Gombe, kuma za mu iya tura masa ɗan abin kashewa? Kuma wai da gaske ne ana koya musu sana'a da karatu a ciki ko dai maganar takarda ce kawai? Yaron nan shi ne autanmu, Baffanmu ya rasu, gona aka sayar aka haɗa kuɗin tafiyarsa.

Malam Wunti ya rubuta:

Wa alaikumus salam Adda. Allah ya sassauta, ya ba Inna haƙuri da lafiya. Ni ɗan Bauchi ne amma a nan Ingila nake zaune, kuma aikina kenan, ina koyar da lissafi da karatu a cikin ɗaya daga irin waɗannan gidajen, ba zan faɗi wanne ba saboda ƙa'idar aiki, amma abin da zan faɗa miki da idona nake ganinsa.

Da farko ki gaya wa Inna ba a sayar da kowa ba. Kotu ce ta yanke hukunci, ma'aikatar shari'a ce take cewa wane a kai shi gida kaza, kamfani ba shi da ikon kama mutum ko ƙara masa rana ɗaya a kan wa'adinsa. Kwangila ce gwamnati take bayarwa ta shekaru, a ce ku riƙe mana wannan gida ku ciyar ku tsare ku koyar, mu biya ku. Tun 1992 suka fara da wani gida mai suna Wolds, yanzu cikin gidajen yari sama da 100 da ke Ingila da Wales goma sha wani abu ne a hannun kamfanoni, manyansu G4S da Serco da Sodexo. Doka ɗaya ce take aiki a kan na gwamnati da na kamfani, kuma a cikin kowane gidan kamfani akwai jami'in gwamnati da aka ajiye musamman aikinsa kawai ya sa ido ko ana cika sharuɗɗan kwangila, in fursuna ya gudu ko aka kasa cika wani sharaɗi ana yankar kuɗin kamfanin.

Rayuwar yau da kullum kuwa, wajen ƙarfe 8 na safe ake buɗe ɗakuna, mai aji ya tafi aji mai aiki ya tafi wurin aiki, da rana a dawo a ci abinci a kulle su a ƙirga, a sake buɗewa da yamma, sannan akwai ɗan lokacin da za su yi wanka su yi waya su zauna hira kafin a kulle na dare. Wannan in komai na tafiya daidai kenan, ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci sai ki ga mutum ya wuni a ɗaki, kuma wannan na faruwa fiye da yadda ya kamata, ba zan ɓoye miki ba. Ɗaki ko shi kaɗai ko su biyu, da makewayi a ciki. Dukan fursuna kam ba ya cikin doka ko kaɗan, ma'aikaci bai da izinin taɓa fursuna sai in ana faɗa ko ya ƙi bin umarni har ya zama dole a riƙe shi, shi ma sai an rubuta rahoto.

Akwai matakai uku da ake sa fursuna gwargwadon halinsa, na ƙasa da na tsakiya da na sama. Sabon zuwa a tsakiya yake farawa. In ya kama kansa yana zuwa aiki ba rigima sai a ɗaga shi sama, ya samu ƙarin ziyara da ƙarin kuɗin da zai iya kashewa a sati, in ya yi taurin kai a sauke shi ƙasa har talabijin ɗin ɗakinsa a ɗauke. In laifin ya yi girma sai a gurfanar da shi gaban shugabannin gidan, mafi girma kuma alƙali ne daga waje yake zuwa, shi ne kaɗai zai iya ƙara wa mutum kwanaki, har zuwa 42.

Maganar addini ki kwantar da hankalinki. Akwai limami da aka ɗauka aiki, ana sallar Juma'a, ana barin mutum da Alƙur'ani da darduma da carbi a ɗakinsa, a takardar zaɓen abinci ana nuna wanda yake halal, in azumi ya zo ana rubuta sunayen masu yi a ba su na buɗa baki a cikin mazubi mai riƙe zafi da na sahur a ƙunshe. Abincin dai ba daɗi ne da shi ba, shinkafa da dankali da taliya ne ake juyawa, amma ba ya kwana da yunwa.

Waya, sai ya rubuta lambobinku a takarda an tantance an amince, sannan ya sa kuɗi a asusunsa ya kira, shi ne zai kira ku ba ku ba, kuma ku sani ana iya sauraro. Yawancin gidajen kamfani wayar tana cikin ɗaki. Baƙo irinsa da danginsa ke wata ƙasa, in wata ya wuce ba wanda ya ziyarce shi yana da haƙƙin kiran minti 5 kyauta zuwa gida, amma sai ya nema da kansa, ba kowane ma'aikaci ne zai tuna masa ba. Akwai kuma kiran bidiyo ta wata manhaja, za ki yi rajista da katin shaidarki. Kuɗi ana turawa, amma ba tsaba ake ba shi ba, a asusunsa na ciki ake sawa ya yi odar sabulu da shayi da biskit da kuɗin waya sau ɗaya a sati. Ki nemi lambarsa ta fursuna a wurin lauya, ba a yin komai sai da ita.

Yanzu abin da na fi so ki ji. Abin da ke halaka yaranmu a ciki ba gandiroba ba ne, bashi ne. Sabon zuwa bai da komai sai wani ya zo da fara'a ya ba shi aron wani abu, sati na zagayowa a ce ya biya ninki biyu, in ya kasa sai a ce to ɓoye mana wannan wayar salula ko wannan ƙullin a ɗakinka. Riƙe wayar salula a gidan yari laifi ne da kan iya jawo ƙarin ɗaurin shekara 2, ga kuma wata muguwar ƙwaya da suke kira sifais da ake fesawa a jikin takarda a shigo da ita, na ga samarin da suka shigo lafiya lau ta mayar da su abin tausayi. Ƙaninki da ma ta hanyar abokai ya faɗa, to ranar farko da kuka yi waya ki ja masa kunne, kar ya karɓi aro, kar ya riƙe wa kowa komai. In kika ji ya fara cewa a tura kuɗi zuwa wani asusu na waje da ba na gidan ba, to akwai matsala, kar ki tura, ki kira lauya.

Karatu da sana'a gaskiya ne akwai. Ana koyar da gini da fenti da aski da girki da gyaran keke da aikin sito, ana ba da takardar shaida da ake amfani da ita a waje, ana biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mafi ƙaranci fam 4 a sati. Shi da yake mai ilimi ne azuzuwanmu sun yi masa ƙasa, shawarata ya nemi zama mai koya wa wasu, akwai ƙungiyar Shannon Trust da take horar da fursunoni su koya wa ƴan uwansu karatu, domin za ki yi mamakin yawan Turawan da ke ciki da ba su iya karanta wasiƙar lauyansu ba. Akwai kuma waɗanda ƙungiyar Samaritans ke horarwa su zama masu sauraron wanda damuwa ta yi wa yawa cikin dare. Masu irin wannan aiki su ne ake fi barinsu a waje da ɗaki, kuma su ne na ga suna fita da hankalinsu.

Abu na ƙarshe mai ɗan ɗaci, ku shirya dawowarsa gida. Dokar 2007 ta ce baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye za a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa sai in yana da wata hujja mai ƙarfi, kuma akwai tsarin da ake sakin baƙo da wuri in dai jirgi zai hau. Lauyarsa ce za ta faɗa muku lissafin ranakun domin ana yawan canza ƙa'idar.

Tsohon Gandiroba Kobi ya rubuta:

Salamu alaikum. Ƴata Allah ya fitar da shi lafiya, ya sa wannan ya zama sanadin shiriyarsa. Ni ban taɓa zuwa Ingila ba, amma na yi aikin gidan yari a ƙasar nan har na yi ritaya, kuma na fahimci tsoron mahaifiyarku sarai. Ita abin da ta sani shi ne gidan mari, kuma ba laifinta, duk mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019 da ƴan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa wasu da tabon bulala, bayan nan aka samu irinsa a Daura da Katsina. Wancan shi ne mutum ya tsare mutum ba kotu ba alƙali ba mai leƙawa, iyaye ne ma ke biya da hannunsu. Abin da Malam ya bayyana daban ne, tunda akwai hukuncin kotu akwai ranar fita akwai mai sa ido. Ki bambance mata waɗannan biyun a hankali.

A Najeriya ba mu da gidan yarin kamfani, duk na gwamnati ne. A 2019 aka yi sabuwar doka aka canza mana suna muka koma hukumar gyaran hali, a 2023 kuma aka gyara tsarin mulki aka ba jihohi dama su ma su gina nasu su riƙe. Tun daga nan nake jin wasu suna cewa ai gara a ba ƴan kasuwa, ni kuwa in na ji haka sai in ce ku je ku duba inda ɗan kasuwa ya riga ya shigo mana, wato abinci. Ciyar da fursuna kwangila ce tun da daɗewa. A da naira 750 ce kuɗin cin mutum ɗaya a rana, aka zo aka ƙara ta koma 1,125, a cikin wannan ɗan kwangila zai cire ribarsa, sannan a ce safe da rana da dare, ke da kike zuwa kasuwa kin san abin da wannan kuɗi zai saya yau. Shi ya sa gabza ta yi suna. Wanda danginsa ba sa kawo masa ɗan gari da ƙuli da sabulu yana shan wuya.

Kuma babbar matsalarmu ba ta wanda ke riƙe da makulli ba ce. Mutanen da ke tsare a ƙasar nan sun haura 70,000, kusan biyu cikin uku jiran shari'a suke, ba a yanke musu komai ba. Muna da wurin kafinta da ɗinki da walda da ɗinkin takalmi, akwai gonaki, jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a wasu gidajen kuma fursuna ba ya biyan kuɗin makaranta, akwai waɗanda suka yi digiri a ciki. Amma wanda aka yanke wa hukunci shi ne ake iya tsara wa wannan, mai jiran shari'a yau kotu gobe an ɗage, ka sa shi a wane aji? Na ga yaron da aka kawo kan abin da ko an same shi da laifi wata 6 ne, ya fi haka nesa yana jira, sai da babban jojin jiha ya zo zagaye aka sallame shi. In ka ba kamfani wannan gida kana biyansa kan kowane kai, kana ganin zai damu a yi wa wannan yaro shari'a da wuri?

Ga maganar tsaro kuma, mu mutanen Bauchi ba za mu manta watan Satumba na 2010 ba da aka fasa gidan yarin cikin gari mutum sama da 700 suka fice, ga na Kuje a 2022. Wannan ba aikin mai gadi na haya ba ne.

Shawarar da zan ba ku daga abin da na gani, kar ku yanke zumunci da shi. Fursunan da ake zuwa dubawa tafiyarsa ma daban take da ta wanda aka manta da shi.

Barista Gwallaga ta rubuta:

Adda sannu da haƙuri, Allah ya kawo ƙarshen abin. Duk bayanin da Malam ya yi na yadda za ku yi waya da tura kuɗi ku bi shi. Amma Malam ka yi haƙuri, ni ban yarda a bar maganar a kan cewa ai kwangila ce kawai kuma akwai mai sa ido ba, domin tarihin abin nan bai nuna haka ba, kuma ya kamata dangi su san inda za su tsaya da idonsu a buɗe.

Kamfani riba yake nema, kuma a gidan yari kuɗi mafi yawa a albashin ma'aikata yake tafiya, to ta ina ribar za ta fito in ba a rage ma'aikata ko a ɗauki sababbi masu arha ba? A nan Ingilar da kake, gidan yarin Birmingham an miƙa shi ga G4S a 2011, a watan Disamba na 2016 fursunoni suka ƙwace makullai suka yi tarzoma ta wuni guda, a 2018 babban sufeton gidajen yari ya shiga ya tarar da ƙwaya da ƙazanta da ma'aikata masu kulle kansu a ofis don tsoro, dole gwamnati ta karɓe abinta, a 2019 aka soke kwangilar gaba ɗaya.

A Amurka kuwa inda abin ya fara da kamfanin CCA a 1983, wanda yanzu ya koma CoreCivic, akwai kwangilolin da aka rubuta cewa gwamnati ta yi alkawarin gadaje za su cika kashi 80 ko 90 cikin 100, in ba su cika ba ta biya kuɗin gadon da ba kowa. Ku duba fa, laifi ya ragu a gari amma ya zama asara ga wani. A jihar Pennsylvania an kama alƙalai biyu da suka karɓi kuɗi sama da dala miliyan 2 daga masu gidajen tsare yara na kuɗi, suna ta tura yara ciki kan laifin da bai kai ya kawo ba, ɗayansu shekara 28 aka yanke masa a 2011, dubban hukunce-hukuncen da ya yi aka soke. A 2016 mai binciken ma'aikatar shari'arsu ya fitar da rahoto cewa gidajen kamfani sun fi na gwamnatin tarayya yawan matsalar tsaro da faɗa, gwamnatin Obama ta ce tarayya ta fara janyewa daga amfani da gidajen kamfani, Trump ya zo ya mayar, Biden ya sake hanawa a 2021, Trump ya dawo ya sake buɗewa a 2025. Rayuwar mutane ta zama abin da ake juyawa da zaɓe.

Ko nan nahiyarmu, Afirka ta Kudu ta buɗe guda biyu a 2001 da 2002, kowanne na ɗaukar mutum wajen 3,000. A na Mangaung ne Thabo Bester, wanda aka ɗaure kan kisa da fyaɗe, ya fice a 2022 aka bar gawar wani a ƙone a ɗakinsa aka sanar cewa ya mutu, kusan shekara guda yana yawonsa a gari sai da ƴan jarida suka tono maganar, a Tanzaniya aka kamo shi a 2023, har da ma'aikatan gidan cikin waɗanda aka gurfanar. Kotun ƙolin Isra'ila tun 2009 ta ce sam, tsare ɗan Adam don riba tauye masa mutunci ne, ta haramta. Ni ra'ayina kenan, hukunta mutum aikin hukuma ne, ba haja ba ce.

Adda abin da za ki yi, ki karɓi sunan gidan a wurin lauya ki nemi rahoton sufetocin gidajen yari a intanet, kowa na iya karantawa kyauta, za ki ga makin da aka ba su kan tsaro da mutunta fursuna da aikin yi. Kuma ki sa lauyar ta sanar da ofishin jakadancin Najeriya da ke Landan in shi ya amince, haƙƙinsa ne.

Malam Wunti ya rubuta:

Barista duk abin da kika lissafa haka yake, ban musa ko ɗaya ba, maganar ma'aikata ma ita ce ciwon da nake gani kullum, yara ƴan shekara ashirin da ƴan kai ake ɗauka, kafin su gane aikin sun ajiye sun tafi, ranar da ba a samu wanda zai rako ɗalibai ba sai in zauna a aji ni kaɗai su kuma suna kulle. Wannan yana ƙona min rai sosai saboda na san wanda yake jiran darasin nan tun jiya.

Inda na bambanta da ke shi ne kar Adda ta ɗauka da a na gwamnati yake da ya fi tsira. Gidan yarin Wandsworth na gwamnati ne, daga can wani ya gudu a 2023 a maƙale a ƙarƙashin motar kawo abinci, kuma yawancin tsofaffin gidajen nan da aka gina tun ƙarni na 19 masu ɓeraye da cunkoso na gwamnati ne. Na kamfani da yawansu sababbin gini ne, shi ya sa ake samun waya a ɗaki da na'urar da fursuna zai latsa da kansa ya zaɓi abinci ya nemi ganin likita. Akwai na kamfani masu kyau akwai munana, haka na gwamnati. Birmingham ɗin da kika kawo, me ya sa aka karɓe? Saboda akwai sufeto da ba ya ƙarƙashin kamfani ba ya tsoron minista, ya shiga ba sanarwa ya rubuta abin da ya gani jaridu suka buga. Shi ya sa na yarda da Baba Kobi ɗari bisa ɗari cewa a kawo wannan tsari gida yanzu ganganci ne, wa zai shiga ya duba, wa zai soke kwangilar wanda yake da uwa a gindin murhu?

A kan gyaran hali kuma akwai gwajin da aka yi a gidan Peterborough daga 2010, shi ma na kamfani ne duk da cewa ƙungiyoyin agaji ne suka yi aikin ba kamfanin ba. Masu gajeren ɗauri ake tara tun suna ciki, ranar fita a tare su a bakin ƙofa, a taimaka musu da wurin kwana da neman aiki da barin ƙwaya har shekara guda, da aka yi lissafi komawa ga laifi ya ragu da kashi 9 cikin 100. To shi ƙanin Adda ba zai samu irin wannan ba, domin wanda za a mayar ƙasarsa ba a cika ɓata masa lokaci da shirin zama a gari ba, da wuya ma a kai shi gidan da ake barin mutum ya fita aiki ya dawo. Ku ne za ku tare shi a bakin ƙofa, a filin jirgi. Tun yanzu ku fara tunanin me zai yi in ya sauka Gombe.

Adda na manta ban faɗa ba, in an zalunce shi akwai takardar koke da zai cike, akwai kuma wasu mutanen gari masu aikin sa kai da ke da izinin shiga ko'ina a gidan kowane lokaci, akwatinsu na nan a kowane ɓangare, ya jefa musu takarda. Wasiƙarsa da lauya ba a buɗewa.

Maman Walida Pantami ta rubuta:

Allah sarki Adda, wallahi na ji miki. Ni ban san komai a kan Ingila ba amma na san halin gari, mu ma an taɓa ɗaure ɗan yayata a nan gida. Kuskuren da dangi ke yi shi ne a yi ta ɓoyewa ana cewa yana karatu, ranar da maganar ta fasu sai ta fi ciwo, shi kuma ya dawo ya kasa fita ko masallaci. Ba cewa na yi ku yi shela ba, amma kawunnanku da goggonninku na jiki su sani daga bakinku. Kuma don Allah ranar da za a yi kiran bidiyon nan ku sa Inna ta gan shi da idonta, ku dai roƙe ta kar ta yi ta kuka a gabansa, domin shi ne zai koma ɗaki da abin a ransa. Ki duba mata hawan jini ma.

Adda Jekadafari ta rubuta:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba na gode, Barista na gode, Maman Walida in sha Allahu yau da daddare zan je gidan Kawu in faɗa masa da bakina. Na karanta wa Inna bayanin Malam da na Baba, da ta ji akwai limami ana Juma'a kuma ba sarƙa ta ɗan samu natsuwa har ta sha kunu, sai dai ta ce ita ba za ta yarda ba sai ta ji muryarsa. Na tura wa lauyar saƙo ta turo min lambarsa ta fursuna da sunan gidan, na samu rahoton da Barista ta ce amma dogo ne sosai kuma Turancin ya yi min nauyi, ɗan maƙwabcinmu zai zo gobe mu bi shi tare.

Malam saura tambaya biyu don Allah. Lambar da zai rubuta, ta Inna ƙaramar waya ce ba ta intanet ba, za ta yi ko sai tawa? Sannan kiran bidiyon nan za su karɓi katin ɗan ƙasa ko dole sai fasfo, domin ni nawa fasfon ya ƙare tun bara, in dole ne sai in fara neman sabuntawa tun wannan satin.